Tafiya Bankok da Phnom Penh: murar tsuntsaye ce abin tsoro, ko akwai abin da ya fi ta?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata mai kamawa, in Allah ya yarda, za mu tafi saro kaya, kwana goma sha biyu a Bankok ta Tailan, daga nan mu tsallaka Phnom Penh ta Kambodiya mu yi mako guda. Mu uku ne, ɗayanmu dattijo ne mai ciwon sukari, yana allurar insulin. Ana ta yaɗa cewa murar tsuntsaye na kashe mutane a Kambodiya, har iyali sun fara cewa a fasa. Shin ana ɗaukarta daga mutum, a jirgi ko a cunkoson kasuwa? Cin kaza da ƙwai fa? Akwai allurar da za mu yi kafin mu tashi? Sannan saboda maganar halal, niyyarmu mu kama masauki mai kicin, mu riƙa sayen kaza mai rai muna yankawa da kanmu. Masana a taimaka mana, Allah ya saka.

Likitan Kaji:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Da maganarka ta ƙarshe zan fara, domin a duk abin da ka lissafa ita ce kaɗai ta tayar min da hankali. Jirgi ba matsala, dafaffiyar kaza ba matsala. Sayen kaza mai rai ku yanka da hannunku, nan ne ƙofar da cutar ta fi shiga jikin mutum. Ku soke wannan shirin.

Ƙwayar cutar, H5N1, tana cikin kashin tsuntsu da yawunsa da majinarsa da jininsa, har da ƙurar da ke cikin gashinsa. Ba ta maƙale wa hanci da maƙogwaron mutum da sauƙi kamar murar da muka saba, wurin da take samun gindin zama yana can ƙasan huhu. Shi ya sa galibi sai mutum ya shaƙe ta da yawa, kusa-kusa, kafin ta kama shi, kuma shi ya sa in ta kama take zuwa da ciwon huhu mai tsanani. To a ina ake shaƙar ta da yawa? Wajen yanka lokacin da kazar ke shure-shure, wajen figa, wajen fitar da kayan ciki, da wajen wanke wurin. A kasuwannin kaji akwai injin figa mai jujjuyawa da ke watsa feshin ruwa da gashi a iska, wanda ke tsaye a gefe yana jiran kazarsa shi ma yana shaƙa.

Kada kuma ka ce ai za ka zaɓi mai lafiya. Agwagi na iya ɗauke da ita suna fitar da ita ba alamar komai. A kasuwa an cakuɗa kaji da agwagi daga ƙauyuka daban-daban, keji a kan keji, na sama na zuba wa na ƙasa kashi. Kazar da ta kamu jiya, yau a ido garau take. Ƙasar Sin ta ga wannan da wani nau'in, H7N9, wanda daga 2013 ya kama mutum sama da 1,500, kimanin 600 suka rasu, alhali kajin da ke ɗauke da shi yawanci ba sa nuna ciwo. Akasarin mutanen a kasuwannin kaji masu rai suka ɗauko. Sai da aka riƙa rufe kasuwannin, aka kuma fara yi wa kaji allura a 2017, sannan abin ya lafa.

Girman haɗarin kuwa ga shi. An fara ganin H5N1 a jikin mutane a Hong Kong a 1997, mutum 18 suka kamu, 6 suka rasu. Daga 2003 zuwa 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da mutum sama da 900 a duniya baki ɗaya, kusan rabinsu sun rasu, mafi yawa a Masar da Indunusiya da Biyetnam. Ka ga cuta ce mai kisa, amma mai wuyar kamuwa: mutum dubu ɗaya bai cika ba a sama da shekara ashirin. Tailan rabon da ta samu mutum mai ita tun 2006. Kambodiya ta yi shiru daga 2014, sai a Fabrairun 2023 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a lardin Prey Veng, daga nan ake ta samun ɗaiɗaiku. Kusan dukkansu mutanen ƙauye ne, da yawa yara, da suka taɓa kajin gida marasa lafiya ko matattu, ko aka gyara su aka dafa a gidan. Abin da iyalinka ke ji ke nan, gaskiya ne, amma ba labarin mai saro kaya a birni ba ne.

Daga mutum zuwa mutum an taɓa gani, amma a cikin gida, tsakanin masu jinya da mara lafiya, kamar wani iyali a yankin Karo na Indunusiya a 2006. Ba ta taɓa zarcewa ta bi gari ba. Matafiyan da suka ɗauko ta ƙalilan ne ƙwarai, akwai wanda ya koma Kanada daga Beijin ya rasu a farkon 2014, da wata ƙaramar yarinya da ta koma Ostireliya daga Indiya a 2024 ta warke.

Abinci: zafin digiri 70 a tsakiyar nama yana kashe ta. A aikace, ka tsaga cinya har ƙashi, kada ka ga ja ko ruwan jini. Ƙwai a dafa har gwaiduwa ta daskare. A Tailan suna yawan ɗora soyayyen ƙwai mai ruwa-ruwa a kan shinkafa, ka ce a soya shi sosai. Sanyi kuma ba ya kashe ta, firiza adana ta yake yi, don haka ɗanyen nama ko daga kanti ne a ware masa wuƙa da katako, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa.

Halal ba za ta yi muku wuya ba. Kajin manyan kantuna a Bankok da yawansu na ɗauke da tambarin halal na Majalisar Musulunci ta Tailan, ku duba a jikin leda. Unguwar Nana, wajen Sukhumvit Soi 3, cike take da gidajen abincin Larabawa da na Musulmi, kuma ba ta da nisa da Pratunam, unguwar da ake saro tufafi. A Phnom Penh akwai Musulmin ƙabilar Cham, ku je Masallacin Al-Serkal ku tambaya, za a nuna muku inda ake cin halal. Ɓangaren kaji masu rai na kasuwa irin Orussey dai ku kewaye shi.

Likitar Zazzaɓi:

Alhaji, abin da Dakta ya faɗa haka yake. Ni kuma zan karkato da hankalinka ne, domin in kun bar kaji masu rai, murar tsuntsaye ta koma ƙarshen layi. Abubuwan da ke kwantar da matafiya a waɗannan biranen su ne zazzaɓin denge, gudawa, da haɗarin hanya.

Denge sauro ne ke kawo shi, amma ba sauron maleriya ba. Wannan mai zanen fari da baƙi ne, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar zuwa magariba, kuma ɗan birni ne, a ruwan tukunyar fulawa da tsohuwar taya yake haihuwa. Gidan sauro da dare bai isa ba. Ku sayi man korar sauro mai DEET kashi 20 zuwa 50, ko mai picaridin kashi 20, ku shafa a duk inda tufa ba ta rufe ba, musamman idon sawu, can ya fi so. Abin da ake mantawa shi ne alwala tana wanke shi daga hannu da ƙafa, sai a sake shafawa bayan kowace alwala.

Yana bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizo: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai da ciwo a bayan ido, ciwon gaɓoɓi, wani lokacin ƙuraje. Kuskure biyu ke jefa mutane cikin hatsari. Na farko maganin ciwon jiki. Denge na rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, in aka ƙara masa asfirin ko ibuprofen ko diclofenac sai jini ya ɓalle a ciki. Alabukun ma asfirin ne a cikinsa, haka haɗin da ake ƙulla wa mutum a kemis da wuya a rasa ɗayansu. Farasitamol kaɗai, giram ɗaya duk bayan awa shida, kada a wuce giram huɗu a yini. Na biyu, ranar da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, mutum sai ya ɗauka ya warke ya koma kasuwa. Alhali awa 24 zuwa 48 da ke biye su ne mafi hatsari, lokacin ne ruwa ke tsiyaya daga jijiyoyin jini. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko haɓo, baƙin bayan gida, kasala mai yawa ko sanyin hannu da ƙafa: ko ɗaya aka gani, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. A kwanakin farko gwajin da ake nema shi ne na denge a jini mai suna NS1, tare da ƙidayar jini.

Maleriya ba a ɗaukarta a cikin Bankok ko Phnom Penh, tana dazuzzukan kan iyaka ne, ba ku buƙatar maganin rigakafinta in a birni za ku tsaya. Amma kuna iya tafiya da ita a jininku daga gida ta tashi a can. Duk wanda ya yi zazzaɓi ya gaya wa likita daga Najeriya ya zo, ya nemi a gwada maleriya da denge tare. A Bankok akwai Asibitin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi na Jami'ar Mahidol, aikinsu ke nan.

Dattijonku shi ya fi buƙatar kulawa. Insulin a jakar hannu, kada a sa a kayan da ke shiga ƙasan jirgi, in ya daskare ya lalace. Wanda ba a buɗe ba a firji, digiri 2 zuwa 8, wanda ake amfani da shi kada ya sha zafi sama da digiri 30. Agogon can yana gaban namu da awa shida, likitansa ya tsara masa lokutan allura kafin tafiya. In yana shan ƙwayar maganin sukari ta metformin ya kamu da amai da gudawa har bai iya riƙe ruwa, a dakatar da shi a ga likita, domin da bushewar jiki yana iya zama illa. Sannan kada ya taka ruwan ambaliya ko taɓo ba takalmi rufaffe. A Tailan da Kambodiya akwai wata ƙwayar cuta a ƙasa da ruwan damina, melioidosis, tana shiga ta ɗan rauni a ƙafa, kuma masu ciwon sukari ta fi kamawa.

Hanya kuwa, a Tailan a hagu ake tuƙi, saɓanin namu. Wanda ya saba duba hagu kafin ya tsallaka titi, a can dama zai fara dubawa. Da kun shiga Kambodiya an koma dama. Tailan na cikin ƙasashen da suka fi yawan mace-macen hanya a Asiya, mafi yawansu 'yan babur. Acaɓar Bankok na da sauri a cunkoso, amma jirgin ƙasa mai bi ta kan gada da tasi mai mita sun fi muku.

Kare ko kyanwa ko biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a shafa aidin, kada a ɗaure, a tafi allurar haukan kare a ranar. Cibiyar Queen Saovabha a Bankok da Cibiyar Pasteur a Phnom Penh duk suna yi. Ba a jira a dawo gida, da zarar alamu sun fito babu magani.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka da alheri, Dakta da Hajiya. Abokin tafiyata yana tambaya, in muka sa takunkumi da safar hannu fa, ba za mu iya yankan ba? Kuma wani ya ce mu sayi Tamiflu mu riƙa sha tun daga jirgi.

Malamin Magunguna:

Alhaji, wanda ya ba ku shawarar nan bai kyauta ba. Tamiflu, wato oseltamivir, ba a shan sa don kawai za a shiga ƙasar da ake da cutar. Likita ke rubuta shi ga wanda ya kamu, ko wanda ya yi hulɗa ta kusa da tsuntsu mai cutar ba kariya. Ma'aunin babba miligiram 75 sau biyu a yini na kwana biyar, ya fi aiki in an fara cikin awa 48 da bayyanar alamu, kodayake a murar tsuntsaye ana bayarwa ko an makara. Yana sa tashin zuciya da amai, mai matsalar ƙoda kuma sai an rage masa, kuma mai ciwon sukari da ya daɗe ba a rasa zargin ƙodarsa. Babbar illar riƙe shi a aljihu ita ce mutum ya yi zazzaɓi ya hau sha a masauki yana jiran sauƙi, alhali denge ne ko maleriya. Asibitocin Bankok suna da shi in buƙata ta taso.

Allurar murar tsuntsaye ba a yi wa matafiya. Ta murar shekara-shekara ba ta kare mutum daga H5N1, amma ku yi ta, musamman dattijon, mako biyu kafin tafiya. Mura na yawo duk shekara a ƙasashe masu zafi, kuma ita ce ake ɗauka a jirgi da kasuwa. Ta taifot ita ma allura ɗaya ce, mako biyu kafin tashi.

Abin da ya kamata ya shiga jaka: farasitamol, ma'aunin zafin jiki, ƙullin gishiri da sukari na kemis kamar guda goma kowane mutum, man korar sauro, aidin da filasta, man tsabtace hannu mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60. In ƙullin ya ƙare, lita ɗaya ta ruwan gora, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Kada a yi ƙiyasi da ido, sukari in ya yi yawa ƙara gudawar yake yi, gishiri kuma in ya yi yawa illa ce ga jiki.

Gudawa mafi yawa na tsayawa da kanta cikin kwana biyu zuwa uku, ruwa ne maganinta. Loperamide, maganin tsayar da gudawa, na taimaka wa mai shiga jirgi, ƙwaya biyu da farko, sannan ɗaya bayan kowace fita, kada a wuce takwas a yini, amma haram in akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi. Mutanenmu sun saba da Flagyl da cipro. Flagyl ba ya taɓa ƙwayoyin da ke kawo gudawar matafiya, cipro kuma a kudu maso gabashin Asiya ƙwayar Campylobacter ta daina jin sa. Azithromycin ake amfani da shi a can, miligiram 500 kullum na kwana uku, likita ya rubuta muku kafin tafiya, a ajiye shi don mai tsanani kawai.

Kowane magani a bar shi a kwalinsa na asali, da takardar likita da Turanci, musamman insulin da sirinji. Mai kodin a ciki ku bar shi a gida, Tailan sai da izini na musamman ake shiga da shi.

Likitan Kaji:

Kan takunkumi: na shuɗi da aka saba sawa lokacin korona ba ya rufe gefe, ƙura na shiga. Ma'aikatan da ke kashe kaji a gonar da cuta ta ɓulla N95 suke sawa wanda ya kama fuska tsam, da tabarau mai rufe ido, domin ta ido ma tana shiga, da safar hannu da riga ta sama da takalmin roba. N95 kuma ba ya zama daidai a kan gemu. Ko an sa duka, wajen cirewa ake yawan kamuwa, hannu ya taɓa wajen takunkumin ya koma ido. Ga gashi da kayan ciki da za ku rasa inda za ku kai a masauki. Duk wannan don kazar da ga irinta a kanti da tambarin halal? A'a.

In kuwa tsautsayi ya sa wani ya bi ta cikin rumfar kaji ko ya taɓa mataccen tsuntsu, ya wanke hannu da fuska da sabulu, ya canza kaya, ya rubuta ranar. Daga nan ya auna zafin jikinsa safe da yamma har kwana goma. Yawanci alamu na fitowa cikin kwana biyu zuwa biyar: zazzaɓi digiri 38 ko sama, tari, jan ido, wani lokacin gudawa, sannan numfashi ya fara sarƙewa. Ya sa takunkumi ya tafi asibiti, kuma kalmar farko da zai faɗa ita ce ya yi hulɗa da kaji ranar kaza a wuri kaza. In bai faɗa ba, ba wanda zai nemi gwajin. Gwajin mura na gaggawa na iya cewa babu alhali akwai, gwajin PCR na ɗakin bincike ake yi, da samfurin maƙogwaro.

Akwai kuma kajinku na gida in kun dawo. Ƙwayar na rayuwa a kashin tsuntsu kusan kwana shida a zafin digiri 37, sama da wata guda a sanyin digiri 4, tafin takalmi ya ishe ta mota. A kankare takalmin da sabulu da buroshi tukuna, domin bilic ba ya aiki a kan datti, sannan a jiƙa tafin minti goma a bilic mai ƙarfin kashi 3.5, awo ɗaya a ruwa awo shida. A kuma ƙaurace wa akurki da gona aƙalla kwana uku, mako ya fi. Kada a sayo ƙwan ƙyanƙyasa ko tsuntsun ado a ce za a kawo iri. Masu kiwo ba su manta 2006 ba, lokacin da aka fara tabbatar da cutar a Afirka a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, kafin wata ya ƙare ta kai Magariya a Nijar.

Duba-Gari:

Ba wanda ya ambaci abin da zai iya tsayar da ku tun a filin jirgi, wato katin rigakafin shawara. Tailan da Kambodiya duk suna neman sa daga wanda ya fito daga Najeriya. Sai bayan kwana goma da yin allurar yake fara aiki, don haka wanda bai taɓa yi ba ya je yanzu. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, amma katin ya zama sabon nan da ake biya ta intanet a karɓa a ofishin lafiya na filin jirgi, lambar fasfo ta dace. Kada a saya a hannun 'yan tsakiya ba allura. Dattijon, in ya haura sittin kuma bai taɓa yi ba, likita ya duba shi tukuna, domin illar allurar ta fi yawa a wannan shekarun. A filin jirgin Suvarnabhumi na Bankok ku fara zuwa teburin kula da lafiya a duba katin kafin ku shiga layin shige da fice, in ba haka ba sai kun kai gaba a maido ku baya.

Bayan kun dawo, duk zazzaɓin da ya zo cikin mako biyu kada a yi masa hukuncin maleriya da taifot a kemis. Gwajin maleriya na iya nuna akwai a jikin ɗan ƙasar nan alhali denge ne ke cin sa, gwajin taifot na Widal kuma ba abin dogaro ba ne. A je asibiti, a faɗi ƙasashen da aka je da ranar dawowa. In akwai tari da sarƙewar numfashi bayan hulɗa da tsuntsaye, likitan ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira layin kyauta na hukumar NCDC, 6232.